Gigar da Lawal Ya Ce Na Sace

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa in koya muku gyaran kwamfuta cikin wata guda, ina jin ku. Jiya ma ɗayanku yake gaya min wai ai ba wani abu ba ne, a cire wannan, a sa wancan, a danna, shi ke nan. Na ce masa gaskiyarsa ce. Aski ma haka yake, wuƙa ce kawai da kai, sai dai kunne yana kusa.

Ni a Katsina na koyi aikin nan, wurin wani mutum da ake kira Malam Bashir. Asalinsa mai gyaran rediyo ne, da kwamfutocin gwanjo suka fara shigowa daga kudu sai ya koma kansu. Irin na tebur nake nufi, masu akwatin ƙarfe da monita mai ƙatuwar ƙeya, wadda in ka ɗauka sai ka nemi inda za ka huta. Malam Bashir ba ya koyarwa da baki. Da na je, buroshin fenti ya miƙo min da ƙaramin sukurdireba, ya nuna min tarin akwatuna a lungu. Na daɗe ban yi komai ba sai kwance su da share su. Babu abin da ban tsinta a ciki ba: kyankyasai, gidan zanzaro, ƙwan ƙadangare, har da ɓawon gyaɗar da ɓera ya tara a bayan fanka. Kayan aikinmu duka ba su cika jakar leda ba. Sukurdireba biyu, mitar gwada wuta, ƙarfen narka dalma, hantsaki, sai wani gwangwanin man zafi da Malam yake ɓoyewa a aljihu, ba ya bari kowa ya taɓa.

Ranar da na ga abin da ke cikin gwangwanin, wani mai buga takardu ne ya kawo kwamfutarsa da sabon hadis. Hadis shi ne ƙarfen nan mai nauyi da ke cikin akwatin, wanda duk abin da ka ajiye a kwamfuta a cikinsa yake kwana, kuma da giga ake auna cikinsa. Nasa na giga arba'in ne. Malam ya ce in ɗaura. Na ɗaura, na kunna, kwamfuta ta kawo rubutu layi biyu ta tsaya cak. Na sauya igiya, na sauya memori, na kwance na sake ɗaurawa. Malam yana zaune yana ɓare gyaɗa. Wajen la'asar na share gumi na ce, "Malam, hadis ɗin nan matacce ne."

"Allah ya ji ƙansa," in ji shi. "Kawo gawar."

Ya buɗe gwangwanin. Wasu 'yan baƙaƙen robobi ne a ciki, kowane bai fi ƙwayar shinkafa ba. Jamfa ake ce musu. Ya ɗauki ɗaya da hantsaki ya soka a kan wasu 'yan ƙarafa biyu da ke bayan hadis ɗin, ya ce in kunna. Kwamfuta ta tashi garau, ta nuna giga talatin da biyu.

Na ce, "To sauran takwas ɗin fa?"

Ya ce, "Suna nan. Ita ce ba ta iya ƙirga su ba. Da ta ga abin ya fi ƙarfin lissafinta sai ta suma. Yanzu na ce wa hadis ɗin ya yi mata ƙarya, ya rage kansa."

Wannan shi ne bayani mafi tsawo da ya taɓa yi min. Daga baya na gane kowane zubi na tsofaffin kwamfutocin nan yana da inda lissafinsa yake ƙarewa. Akwai waɗanda ba sa wuce rabin giga, akwai na biyu, akwai na takwas, akwai na talatin da biyu, sai 'yan gaba kaɗan da suke kaiwa ɗari da talatin da bakwai. Ba a rubuta wannan a jikin akwati. Sai ka buɗe ka kalli bod ɗin, wato faifan da komai na ciki yake manne a kai, ka san da wa kake magana.

Da na dawo Batsari na buɗe shago kusa da kasuwa, da ƙaramin janareto. Masu buga takardu suna zuwa, malaman makaranta suna zuwa, masu turin waƙa da fim a waya suna zuwa. Kowa kuma babban hadis yake so. Akwai wani Alhaji mai sayar da hatsi da ya zo saya wa ɗansa, ya ɗauki biyu a hannu yana jijjigawa, ya zaɓi wanda ya fi nauyi. Ban hana shi ba, don dai shi ne ya dace da kwamfutar.

Amma aikin da ba zan manta ba na Lawal ne. Lawal ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Mai hoto ne. Shekara da shekaru yana yawo a babur cikin ƙauyukan Ruma har zuwa wajen Yasore, suna, biki, sallah, saukar karatu, bikin Kirsimeti na 'yan'uwanmu da ke can, duk inda aka taru sai ka gan shi da kyamara a wuya. In ya dawo sai ya juye komai a wata tsohuwar kwamfuta da ni na haɗa masa, kowane ƙauye da jakarsa, kowane gida da sunansa.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ɓarayin daji suka daina tsayawa a kan shanu suka koma kan mutane. Ƙauyuka suka riƙa watsewa. Noma ya gagara, hatsi ya yi tsada, gari ya cika da baƙi, wasu a makaranta, wasu a zaurukan dangi. Lawal ya ɗauro kwamfutarsa a bayan babur, ya naɗe ta da bargo kamar mara lafiya, ya kawo ta Batsari shi da mahaifinsa, Kawu Sada. Biki ya yi ƙaranci, amma wani aiki ya samu wanda bai taɓa zata ba. Mutane suka fara zuwa neman hotunan waɗanda aka kashe ko aka tafi da su daji. Mafi yawa ba su da wani hoton sai wanda Lawal ya ɗauka.

Ana cikin haka hadis ɗinsa ya fara ƙara, ƙas ƙas ƙas, kamar kaza tana tsattsagar tire. Na ce masa wannan tafiya zai yi. Ya je kasuwar Safana ya samo wani na hannu, mai giga ɗari biyu da hamsin, ya shigo shagona yana ɗaga shi sama.

"Bawana, tashi ka yi aiki," in ji shi. "Na sayo wanda har jikokina ba za su cika ba."

Na juya shi na duba na ce, "Ka sayo wa akuya sirdin raƙumi. Kwamfutarka a ɗari da talatin da bakwai take tsayawa."

"To ta tsaya mana, in ta huta ta ci gaba."

Na zaunar da shi na yi masa bayani yadda zan yi muku yanzu. Kowane gurbi a cikin hadis lamba gare shi, da lambar kwamfuta take sanin inda za ta ajiye abu. Irin tasa in lambobinta suka ƙare ba ta suma, ba ta kuma gaya maka. Komawa take yi ta fara daga ɗaya. Ita a ganinta gaba take yi, alhali kan abin da ke farko take rubutu. Ya ce ya ji. Na san bai ji ba, don lokacin yana kallon mai rake ne a waje.

Na yanka masa giga ɗari da ashirin, na bar sauran a rufe yadda kwamfutar ba za ta taɓa su ba. Na kwashe hotunansa kaf daga tsohon na zuba a sabon. Ko sati ba a yi ba tsohon ya mutu murus.

Washegarin ranar da ya kai ta gida sai ga shi ya dawo ko sallama babu.

"Ina gigata?"

"Wace giga?"

"Ɗari biyu da hamsin na kawo maka, ɗari da ashirin na gani. Ina ɗari da talatin?"

Da mutum ne mai hankali ya tambaye ni, da na sake yi masa bayani. Amma Lawal ne. Na ce, "Yi a hankali, kada mutane su ji. Na ɗan ara ne, zan mayar bayan girbi."

Kafin azahar babu teburin mai shayin da labarin bai kai ba. Wai na kwashe wa Lawal giga ina sayar wa masu turi. Wani malamin makaranta da na yi wa gyara watan baya ya zo yana tambaya cikin ladabi ko tasa ta cika. Maganar har ta kai gaban Kawu Sada, ya aiko a kira ni.

Na same shi a zaure a kan buzu, Lawal na gefe ya kumbura. Na durƙusa na gaishe shi, muka gaisa har kan gajiya da zaman baƙunta, sannan ya ce, "Wai me ya haɗa ka da ɗan'uwanka? Ya ce ka rage masa hadisi. Ni dai a sanina hadisi ba a rage shi, ba a ƙara shi."

"Baba, ba na malamai ba," in ji Lawal. "Na kwamfuta. Giga ya cire."

Kawu ya dube ni. "In tana nan ka mayar masa. In ka ci, ka ce ka ci."

A lokacin ni ma ina da nawa gwangwanin man zafin. Na zaro shi daga aljihu, na buɗe, na zazzage jamfofi a tafin hannuna na miƙa. "Ga su nan, Kawu. Ko ɗaya ban taɓa ba."

Kawu ya matso da ido ya kalle su da kyau, ya ɗago ya kalli ɗansa. "Lawal, a kan kashin ɓeran nan ka tara min jama'a? Ana fama da abin da za a ci?"

Lawal ya tashi ya fice yana rantsuwa. Ni kuma na yi dariya har na isa shago. Amma da yamma na bi shi gida na sake gaya masa gaskiyar magana, na ce gigarsa na nan a rufe, kuma kada ya bari kowa ya buɗe ta muddin a wannan kwamfutar zai yi aiki. Ya ce ɓarawo ba ya yi masa wa'azi.

Ranar kasuwar Safana ya cire hadis ɗin ya kai wa wani mai turi da ke da sabuwar kwamfuta. Shi mai turin ba laifinsa, a tasa kwamfutar komai daidai yake. Ya ga fili a rufe ya buɗe masa. Lawal ya dawo ya ɗaura, ga giga ta bayyana. Ya zo har ƙofar shagona ya tsaya a kan babur yana ɗaga murya don maƙwabta su ji: "An kama ɓarawo! Ashe ɓoye ta ya yi a ciki, yana jira in mutu ya gada!"

Na ce, "Lawal, don Allah kada ka zuba komai a wurin nan."

Ya ce, "Yau ma kuwa zan fara."

Kuma abin haushin, da farko lafiya lau ta yi, domin tsakanin inda na yanka da inda lissafinta yake ƙarewa akwai ɗan sarari. Duk wayewar gari sai ya biyo ya gaishe ni, ya ce kwamfuta tana gaishe ni. Har wani biki ya samu a cikin gari, na farko bayan an daɗe, ya ɗauki bidiyo mai tsawo ya zo ya juye. Yana cikin juyewa ta tsaya. Ya kashe ya kunna, baƙin allo, da ɗan rubutu layi ɗaya.

Ya kawo ta a bargon nan dai. Wannan karon ya yi sallama. A bayansa akwai wata mata da goyo, ta tsaya daga bakin ƙofa. Sunanta Hajara, daga wata unguwa ce can gaba da Yasore. An kashe mijinta Tanko a gona da damina, tana da ciki. Lawal ya taɓa ɗaukarsa hoto a wani suna, ya yi mata alkawari ranar za ta karɓa, ta tako tun daga makarantar da suke zaune. Ta ce ita ba don kanta ba, tana so ne yarinyar in ta girma ta san fuskar ubanta.

Na dubi Lawal. Duk maganganun da na tanada masa, na haɗiye su. Na ce wa Hajara ta ba mu kwanaki, ba na yi mata alkawari, amma zan gwada.

Na cire hadis ɗin na haɗa da tawa kwamfutar, wadda ta san lissafi. Abin da na faɗa shi ya faru. Bidiyon bikin ya zagayo ya hau kan farkon hadis ɗin, ya shafe inda aka rubuta sunan kowane hoto da inda yake, ya ci gaba ya cinye wani yanki na hotunan kansu. Sauran suna nan, sai dai babu mai nuna hanya. Akwai manhajar da ke bin hadis gurbi gurbi tana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto. Aiki ne mai cin lokaci, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya sai a koma farko. Fetur kuwa a shekarar sai wanda ya gani. Lawal ya zuƙe na tankin babur ɗinsa da tiyo ya zuba a janaretona, ya koma tafiya a ƙasa.

Na miƙa masa mafici na ce hadis ba ya son zafi, sai an yi masa fifita. Gaskiya ne ba ya son zafi, amma akwai fanka a shagon. Na dai juya ta wajena. Haka ya wuni a tsugune yana yi wa ƙarfe fifita, duk wanda ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Lawal, ya mai jiki?"

Da aikin ya ƙare, hotuna suka dawo dubbai, amma babu suna, babu ƙauye, babu tsari. Amaryar Ruma kusa da jaririn Yasore, kusa da wani tsoho da ragon layya. Lawal kansa bai iya tuna rabinsu ba. Sai na juya monita ta kalli ƙofa, muka ce duk wanda yake da nasa ya zo ya duba.

Ban taɓa ganin shagona ya cika haka ba. Maza a gaba, mata daga gefe, ina danna hoto ɗaya bayan ɗaya, ana kiran suna. "Wanga Sale ne!" "Tsaya, tsaya, koma baya, ɗiyar Mamman ce." Wani a ce yana Katsina yana ga-ruwa, wani a ce yana daji har yanzu, wani a yi shiru sai a ji an ce Allah ya ji ƙansa. Lawal yana gefe yana sake ba kowane hoto suna. Wani Bafulatani da yake wurin tun safe, da aka zo kan hoton wani yaro a gaban garke sai ya miƙe ya nuna bayan yaron, ya kira sunan wani bijimi, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Dariya ma an sha. Hotunan Lawal suka riƙa faɗowa a tsakani, ya jingina da motar wani a tashar Safana, ya sa baƙin gilashi, ya riƙe makullin babur kamar na motar ne. Sun fi ashirin, kowane da irin tsayuwarsa. Na daina saurin wucewa in an zo kansu. Har ƙara musu girma nake yi.

A wurin ne, gaban kowa, wani ya ce, "To Lawal, gigar da aka sace maka fa?" Ya ce, "Ba a sace ba. Amma da ya yi min bayani kamar mutum da ban kai ta Safana ba." Na ce sau biyu na yi. Ya ce bai ƙirga na farkon ba, don akwai mai rake.

Abin da bidiyon ya cinye kuwa ya tafi. Hotunan da suka fi tsufa su ne a farko, waɗanda ya ɗauka lokacin da ya fara sana'a, kuma a cikinsu akwai na mahaifiyarsa, Inna Rabi, wadda ta rasu tun kafin a fara gudun nan. Mun bi hotunan nan har ƙarshe ba mu ga ko ɗaya nata ba. Ban taɓa tsokanar Lawal a kan wannan ba.

Hajara tana zuwa kullum ta tsaya daga gefen ƙofa da goyonta. Sai a rana ta ƙarshe, muna cikin waɗanda suka dawo da rauni, wato waɗanda bidiyon ya ɗan taɓa, na danna wani sai na ji ta ce, "Shi ne."

Wani dogon mutum ne mai faɗin goshi, da hula ta karkace, yana ƙoƙarin kada ya yi dariya. Fuskar ta fito tas har zuwa kafaɗa. Daga ƙirji zuwa ƙasa kuwa babu komai sai toka-toka da wani koren layi. Lawal ya fara ba ta haƙuri, yana cewa laifinsa ne, da cikakke ne har takalmi.

Ta matso ta kalli allon ta daɗe. Sannan ta ce, "Bar shi haka nan, Malam Lawal. Wagga riga da ta ɓace ta aro ce, ta ƙanensa. Ko gwiwa ba ta kai mai ba. Tun ranar shina cewa in ya samu sarari zai zo ka sake mai wani, kada ɗiya su gan shi da ita." Ta ɗan yi dariya ta goge ido da bakin mayafi. "Ga shi ya samu yadda yake so."

Na yanke tokar, na bar fuskar da kafaɗa, na buga mata a takarda mai ƙyalli, na sa a leda. Ta kwance goyon ta juyo da yarinyar gaba, ta nuna mata. Yarinyar ta kalli hoton, ta miƙa hannu ta kama gefensa, ta kai baki.